Jan Suna

A can tsirara ake haihuwar mutum,
bakin wani ruwa marar suna,
da dutse guda a hannu.
Ni kuwa ina bisa benci a fadarmu ta Zariya,
shayi na biyu yana tafasa,
babban yatsana yana saran itace.

Kwana goma sha ɗaya na yi ina tari:
fata, kibau, gishiri,
ƙarfen da na tono a gindin tsauni.
Na kafa bukka mai ƙyaure biyu,
ni da muke kwana mu huɗu a ɗakin haya.

Dokar wurin ba ta da yawa.
Cikin kasuwa ba a zare makami.
Ko ka ga wanda ya ƙone maka rumbu jiya,
sai dai ku gogi kafaɗa,
ku sayi igiya wurin mutum guda.
Taku ɗaya bayan shinge, jininka ya halatta.
Wanda ya fara sara, sunansa ya yi ja,
rabin awa kowa na farautarsa ba laifi.
In ka faɗi, jakarka ta fashe a ƙasa,
guminka ya zama na mai tsayuwa.
Kuma ba a tsira da kashe waya:
gangar jikinka za ta tsaya nan, daƙiƙa sittin,
baki sake kamar tunkiya tsakiyar titi,
kai ba ka ciki.

Tasi'u ya ce sirrin faɗa numfashi ne.
Kar ka ƙarar da ƙarfinka a gudu,
kare sau biyu, ka sara sau ɗaya,
hau tudu, ka bar rana a bayanka.
Na haddace tsaf.
Abin da Tasi'u bai faɗa ba shi ne rezo,
yadda kibiyata ke barin Maraɗi ta zaga duniya,
kafin ta sauka
wanda na auna ya sha ruwa, ya gyara hula, ya gusa.

Sai ga Kurciya.
Haka sunan yake, ja wur bisa kansa.
Bai taɓa zuwa ina da ƙarfi ba.
Sau uku yana kayar da ni,
duka ukun allo ya dushe,
batir na haki a kashi huɗu,
ina kallon kaina ina mutuwa a tsaye.
Na zagi yaran Damagaram,
na zargi wani ɗan Kano da ban sani ba,
har Tasi'u na daina ba shi kofin farko.

Ran Laraba wuta ta ɗauke tun hantsi.
Na kai wayata rumfar Rabe mai caji,
can kusa da tasha,
inda wayoyi arba'in ke kwance bisa katako
kowacce da igiya a baki, kamar 'yan awaki a nono.
Rabe ya san wanda ya kawo jiya,
ya san wanda kwana biyu bai leƙo ba.
Ya karɓa, ya dubi kusurwar allo:
"Kashi huɗu kuma?"

Tasa wayar na gefe, a kunne,
tana shan hasken rana ta faifan kan rufi.
A ciki wani ƙato na tsaye
sanye da rigar fatata,
wadda na yi dare uku ina haɗawa,
kwarina rataye a kafaɗarsa.

Muka dubi juna.
Ɗan kabu-kabu ya wuce yana busa.
Nan kasuwa ce, ba a zare makami.

Na ƙirga dala ashirin na ba shi,
ya miƙo mini lamba sha bakwai.
"Za ta cika bayan la'asar," in ji shi,
"ka cika ta sosai, dare na da tsawo."

Na taka har gida ba waya a aljihu,
ina lissafin inda zan tsinci dutse.